Linzamin Kwamfuta da Ciwon Wuyan Hannu

Bara, lokacin da a ke shigar da makin jarrabawa, na yi kwana uku ina fama da kwamfuta tun daga hantsi har la'asar. Ran na huɗu na farka da asuba, sai na ji babban yatsana da manuniya sun mace, wuyan hannun kuwa sai zogi ya ke yi. Da na shiga aji, alli ma ya nemi ya gagare ni riƙewa. Malami kuwa in hannunsa ya ƙi aiki, ai sana'a ta tsaya. Da na bi sawun abin, ashe ɗan linzamin nan ne na kwamfuta, wanda samari ke kira maus. Shi ya sa na ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwa malamai da ɗalibai abin da na koya.

Wani Ba'amurke, Douglas Engelbart, shi ya ƙago linzamin, ya nuna wa jama'a shi a 1968. Na farkon ɗan akwatin katako ne. Tun daga sa'an nan galibinsu a kwance a ke ƙera su, tilas mutum ya kifa tafinsa a kai.

To, ga inda matsalar ta ke. Tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu akwai ƙasusuwa biyu. In ka miƙa hannu kamar za ka gaisa da mutum, a jere su ke. In ka kifa tafi ƙasa, sai ɗaya ya gitta kan ɗaya, naman wurin ya murɗe. Gwada yanzu ka ji. Cikin wuyan hannun kuma akwai ƙananan ƙasusuwa 8, da wata 'yar ƙunƙuntar hanya wadda jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu ke bi. Tare da su akwai wata jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na huɗu. In mutum ya daɗe yana danne wurin a bakin tebur, ko ya karya wuyan hannun sama, sai wannan jijiya ta matsu, yatsu su mace.

Saboda haka aka ƙera linzami mai tsayuwa, wanda a ke kamawa kamar gaisuwa. Kamfanin Logitech ya fitar da irinsa a 2018, MX Vertical, mai karkata digiri 57, sa'an nan a 2022 ya fitar da ƙaninsa, Lift, domin masu ƙananan hannuwa. Akwai kuma mai ƙwallo a bisa, wanda ba a jansa, sai dai a mirgina ƙwallon da yatsa. Wannan ya fi dacewa da wanda kafaɗa ke damunsa, amma yana gajiyar da babban yatsa.

Ni dai na tashi daga Zuba na tafi Banex, a Wuse II, na ce wa mai shago ya buɗe mini kwalaye. Kada ka ji kunyar yin haka, gama ba a sayen takalmi ba gwaji. Mafi tsadar ya yi mini girma, sai na miƙe yatsu kafin in kai ga maɓalli. Na ajiye shi, na ɗauki wani mai araha wanda ya cika tafina daidai, maɓallinsa kuma da taushi. Mai aiki da hagu ya lura, yawancin masu tsayuwan nan na dama ne.

Mako guda na yi ina kuskure kafin hannu ya saba. Na kuma matso da linzamin kusa da jiki, na ɗaga kujera har gwiwar hannu ta zo daidai da tebur, kowane rabin sa'a kuwa na kan saki hannun ya huta. Zogin ya lafa cikin wata guda. Amma lalle linzami ba magani ba ne. Wanda mutuwar yatsu ke tashinsa daga barci, ko abu ke suɓuce masa, ya tafi ga likita, balle mai ciwon sukari ko mace mai ciki, domin su ciwon nan ya fi saurin kamawa.