Mick Taylor Bayan Rolling Stones: Wanne Ne Gaskiya, Wanne Ne Ji-ta-ji-ta?

Tun daga watan Disamba na 1974, lokacin da makaɗin jita Mick Taylor ya bar ƙungiyar mawaƙa ta Rolling Stones, maganganu uku ke bin sunansa: wai korarsa aka yi, wai daga nan hannunsa ya mutu, wai kuma kiɗan blues da ya rungume mafakar wanda duniya ta juya wa baya ce. Duka ukun ba su da tushe, kuma faya-fayan da aka naɗa yana kiɗa a gaban jama'a su ne shaidar da ta fi ƙarfi.

Batun kora shi ya fi sauƙin warwarewa. Taylor da kansa ya ce ya tafi, ana dab da shiga ɗakin naɗar sabon faifai a birnin Munich na Jamus, kuma sai da ƙungiyar ta sha neman wanda zai gaje shi kafin ta tsaya kan Ronnie Wood a 1975. Abin da yake gaskiya shi ne ya fita da ɓacin rai. Ya daɗe yana ƙorafin cewa da hannunsa a tsara waƙoƙi irin su Sway da Time Waits for No One, amma aka rubuta sunan Mick Jagger da Keith Richards kawai. A shekaru biyar da ya yi da su, Ventilator Blues ta 1972 ce kaɗai aka sa sunansa tare da nasu. Ya kuma faɗa daga baya cewa miyagun ƙwayoyin da suka dabaibaye rayuwar ƙungiyar na cikin abin da ya gudar wa.

Masu cewa ya koma blues don ya rasa tudun dafawa sun juya tarihin ne a baibai. Yana da shekara 18 a 1967 John Mayall ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsa ta Bluesbreakers a gurbin Peter Green, kuma wannan horon ne ya sa Rolling Stones suka neme shi a 1969 don ya maye gurbin Brian Jones. Blues ita ce sana'arsa ta asali, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Taylor bai taɓa barin nasa ba. Haka zancen mutuwar hannu ba ya jure bincike. Ya yi rangadi da Jack Bruce a 1975, ya sake haɗuwa da Mayall a 1982, sannan Bob Dylan ya zaɓe shi a faifan Infidels na 1983 da rangadin Turai da aka naɗa a Real Live na 1984. A 1990 ya fitar da Stranger in This Town, inda ya kaɗa Little Red Rooster da You Gotta Move, ya kuma yi wasa da Carla Olson a zauren Roxy na Hollywood, wanda ya zama faifan Too Hot for Snakes. A saurari Sway a wannan faifan: yana riƙe sauti ɗaya yana girgiza tsirkiya da yatsa har ya miƙe, ba gaggawa, ba cunkoso. Idan kuma ya zura bututu a ƙaramin yatsansa yana jan sa a kan tsirkiyoyi, jitar takan yi amo kamar muryar mutum.

Wani zai ce to ai bai sake yin suna ba, kuma faya-fayan nasa ba su yi kasuwa ba. Wannan gaskiya ne. Muryarsa ba ta kai ta Jagger ba, ba shi da yawan sababbin waƙoƙi, kuma ƙananan kamfanoni ne suka fitar da mafi yawan aikinsa. Gaskiya ne kuma cewa naɗe-naɗe da dama da ke yawo da sunansa 'yan kallo ne suka ɗauka ba da izini ba, sautinsu a dusashe. Sai dai ƙarancin ciniki da rashin ingancin na'urar ɗan kallo ba su ne ma'aunin gwanintar makaɗi ba. Da hannunsa ya mutu, da Rolling Stones ba su gayyato shi ba daga 2012 zuwa 2014 ya kaɗa musu Midnight Rambler a bikin cikarsu shekara 50. Duk mai son yanke wa Taylor hukunci, adalci shi ne ya fara da faya-fayan da aka fitar da yardarsa.