Doguwar Tafiyar Tsohon Fim Daga Rumbu Zuwa Falo

Akwai wasu mutane a Amurka da Ingila da suka shafe shekaru suna damun kamfanonin fim da wasiƙu da kiran waya a kan magana guda: yaushe za ku fitar mana da finafinan Charlie Chan? Ina sauran na Sherlock Holmes? Finafinai ne marasa launi, an yi su tun kafin a haifi yawancin masu neman nasu, yawancinsu ba su wuce awa ɗaya da ’yan mintuna ba. Wanda ke kallon abin daga nesa zai ce ai da sauƙi, fim yana rumbu, masu saye suna bakin ƙofa, a kwafa a sayar mana. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin rumbun kamfani da falon mai kallo akwai ƙofofi huɗu, kuma kowacce da irin makullinta.

Tun farko, me ya sa jerin finafinan masu binciken laifi suka fi sauran samun irin waɗannan masoya? Dalilin yana cikin yadda aka gina su. Daga 1939 zuwa 1946 Basil Rathbone ya fito a matsayin Holmes sau 14, Nigel Bruce yana gefensa a matsayin Dakta Watson. Warner Oland ya yi Charlie Chan sau 16, bayan rasuwarsa a 1938 Sidney Toler ya karɓa ya yi 22, Roland Winters ya rufe da 6. Mai kallo ya san zaman: gawa a farko, gida cike da waɗanda ake zargi, a ƙarshe mai bincike ya tara kowa a ɗaki guda ya nuna mai laifi. Ba don ya san wa ya yi kisan yake komawa ba, don ya san shi tun kallon farko. Yana komawa ne kamar mai zuwa hira wurin tsohon aboki. Mutumin da ke da 13 daga cikin 14 kuwa, wannan ɗayan da babu shi ne zai hana shi barci.

Ƙofar farko ita ce: fim ɗin yana nan ma kuwa? Har zuwa farkon shekarun 1950 ana ɗaukar fim a kan zaren da aka yi da sinadarin naitret. Hotonsa yana da kyau matuƙa, amma yana kama wuta kamar fetur, kuma idan ya tsufa sai ya yi danƙo, ya manne, daga bisani ya koma gari. A watan Yulin 1937 rumbun kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya kama da wuta, finafinai masu ɗimbin yawa suka ƙone. Yau huɗu daga cikin finafinan Chan na Oland, waɗanda aka yi tsakanin 1931 da 1934, ba a san inda ko kwafi ɗaya nasu yake ba. Na farkonsu, Charlie Chan Carries On, sai dai a hango kamanninsa ta wani fim mai suna Eran Trece, wanda aka ɗauka da harshen Sifaniyanci a kan labarin guda, da wasu ’yan wasan daban. Zaren da ya maye gurbin naitret ma bai tsira ba: idan zafi da laima suka taɓa shi, sai ya fara warin tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe. Ma’aikacin rumbu yana buɗe gwangwani, hancinsa ne ke fara ba shi labari kafin idonsa.

Ƙofa ta biyu: na wane ne? Nan ne abin ya fi rikitarwa. Finafinan Holmes biyu na farko na Fox ne, sauran 12 na Universal, daga baya kuma suka yi ta sauya hannu. Jerin Chan ya fara a Fox, ya koma ƙaramin kamfanin Monogram a 1944, shi kuma Monogram kayansa sun watsu ga magada daban-daban. Don haka babu wani kamfani guda da zai iya haɗa jerin Chan duka a kwali ɗaya ko da yana so. Sai kuma dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta wancan lokaci, wadda ke ba da shekara 28, idan mai kaya bai sabunta ba ya zama na kowa. Huɗu daga finafinan Holmes sun faɗa wannan rami, ciki har da Terror by Night da Dressed to Kill. Da jin haka mutum zai ce an huta. Ina! Da suka zama na kowa sai kowane ɗan kasuwa ya kwafo daga duk inda ya samu, hoto dishi-dishi, murya kamar daga rijiya, ya zuba a kwandon araha. Wa zai kashe kuɗi ya gyara gonar da kowa ke da ikon girbe ta?

Ƙofa ta uku ita ce kuɗin gyara, kuma nan ya kamata a tsaya a duba aikin da kyau. Ma’ajiyar finafinai ta Jami’ar California da ke Los Angeles ta ɗauki kusan shekara goma tana farfaɗo da finafinan Holmes 12 na Universal, a ƙarƙashin Robert Gitt, da tallafin attajiri Hugh Hefner da kamfanin Warner. Ba wanki ba ne na danna maɓalli. Za a kwance naɗin fim a kan teburi mai fitila, a bi shi hoto bayan hoto, daƙiƙa ɗaya hoto 24. Inda asalin ya ruɓe, sai a nemo wannan gurbin daga wani kwafi, wani lokaci daga ƙaramin zare mai faɗin milimita 16 da aka buga don gidajen talabijin. Masu sayar wa talabijin sun yanke tambarin kamfani da rubutun farko sun liƙa nasu, dole a nemo na asali a mayar. Sai da aka gama wannan kafin kamfanin MPI ya fara fitar da su a faifan DVD a 2003. Wanda ya taso yana kallon kwafin kwandon araha, ranar ce ya fara ganin hazon Landan a matsayin hazo, ba dattin fim ba.

Ƙofa ta huɗu ba ta kuɗi ba ce, ta mutunci ce. Charlie Chan ɗan asalin Sin ne a labari, marubuci Earl Derr Biggers ya ƙirƙiro shi a 1925, amma Turawa ne suka yi ta fitowa a matsayinsa. Oland haifaffen Suwidin ne. A 2003 tashar finafinai ta Fox ta shirya nuna su a jere, ƙungiyoyin Amurkawa ’yan asalin Asiya suka koka cewa hoton raini ne, Bature da kwalliyar fuska yana karya Turanci. Tashar ta janye. Masoya suka yi ca, suna cewa Chan shi ne mafi kaifin basira a kowane ɗaki ya shiga. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Mafitar da aka samu ta gamsar da ni: daga 2006 Fox ta fitar da su a kwalaye, tare da bayanai a kan zamanin da aka yi su da kuma Chang Apana, ɗan sandan Honolulu na gaske da ake danganta Chan da shi. Ba a binne fim ba, ba a kuma yi kamar babu abin dubawa ba.

To ina amfanin hayaniyar masoya a duk wannan? Amfaninta lissafi ne. Kamfani ba ya jin so, yana jin adadi. Idan kwali na farko ya ƙare a kasuwa, a saki kuɗin gyaran na biyu. Idan ya kwanta, jerin ya tsaya a nan. Shi ya sa masoyan ke roƙon juna a sayi na farko ko da mutum yana da tsohon kaset. A 2009 Warner ta buɗe wata hanya mai suna Warner Archive: ba a buga dubbai a jibge a shago, sai ka yi oda a buga maka naka. Ta nan ne ƙananan jeri irin su The Falcon da Philo Vance da Torchy Blane suka isa gidajen mutane, bayan an daɗe da fidda rai.

Wani zai ce yanzu ai komai yana intanet. Amma fim ɗin da kake kallo a manhaja haya ce, ranar da kwangila ta ƙare za ka wayi gari babu shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Faifan da ke kan kantarka ba mai zuwa da dare ya ɗauke shi.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano zarensa a ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Berlin, aka nuna a bikin finafinan birnin a 2018. Ya tsira ne don wani ya tambaya, wani kuma ya buɗe gwangwani. Finafinan kaset da suka cika kasuwar Ƙofar Wambai a shekarun 1990 suna nan a kwalaye da ƙasan gadaje, zafin bazara yana cin su a hankali. Masoyan Holmes da Chan sun samu nasu ne don sun tambaya da suna, sun nace, kuma da aka kawo sun sa hannu a aljihu.