Karayar ƙashin ƙugu: bayan an sallamo ta daga gidan likita

Ƴan uwa mata, ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗayarmu ba a barinmu a baya. Amalanke ta kife a hanyar kasuwa, ko kabu-kabu ya zubar da mace, ko ta zame a bakin rijiya: nan da nan an buɗe asusun taimako, an kai ta gidan likita. To amma idan ƙashin baya ne ya karye, doguwar jinya tana farawa ne ranar da ta dawo gida.

A wajen ƙugu akwai ƙasusuwa biyar, ɗaya bisa ɗaya, likitoci suna kiransu L1 zuwa L5. Su ke ɗauke da nauyin jikinmu da duk abin da muka aza a ka. Idan ɗaya ya tsage ko ya lotsa bai taɓa jijiya ba, galibi ba a yin tiyata. A ba ta maganin ciwo, wani lokaci da rigar ɗaure baya da ake ce wa korse, ƙashin ya haɗe da kansa. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Shi kuwa ciwon yakan lafa tun kafin nan, sai mace ta ga ai ta warke, ta koma daka, jan guga, goyo, da shara a sunkuye. Ƙashin da bai gama haɗewa ba sai ya ƙara lotsawa, ta zauna da ranƙwafaffen baya da ciwon shekaru. Ba kuma cewa muke ta kwanta dare da rana ba. In likita ya yarda, ƴar tafiya a tsakar gida kullum ta fi mata kwanciya.

Maganar maɗori, mun san darajarsu a garuruwanmu. Sai dai baya ba hannu ba ne. Jijiyoyin ƙafafu da na mafitsara ta nan suke bi, don haka kada a bari a matsa wurin, ko a ja, ko a taka. Idan kuma ƙafa ta soma mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ta sani ba, ba a jiran ranar da aka ba ta. A ɗauke ta a ranar.

Sai takardu. Hoton radiyo, ordonansi, karne, duk a haɗa su cikin leda guda. Ranar komawa, likita yana aza sabon hoto kusa da tsohon, ya ga ko ƙashin yana nan yadda yake ko ya ƙara sauka. In tsohon ya ɓace, da me zai gwada? Haka in an tura ta daga likitar ƙauye zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai: takarda ce za ta yi mata bayani a gaban wanda bai taɓa ganinta ba.

A wasu takardun za ku ga harafi da lambobi, kamar S32.0. Wannan ba kuɗi ba ne, sunan ciwon ne a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake kira CIM-10 da Faransanci, ma'anarsa karayar ƙashin baya na wajen ƙugu. Z09.4 kuwa na nufin an dawo a duba bayan jinyar karaya. A Amurka har harafi suke ƙarawa a ƙarshe, D in ƙashin yana haɗewa daidai, G in yana jinkiri. Mu abin da ya shafe mu shi ne, mai mituwel ko mai neman diyyar hatsarin mota, da irin wannan rubutu ake duba maganarta. In an rubuta ba daidai ba, biya yakan tsaya. Ku roƙi ma'aikacin ya karanta muku abin da ya rubuta kafin ku fito, ba rashin kunya ba ne.

Iyayenmu da haila ta ɗauke musu, ƙashinsu yakan yi rauni, ƴar faɗuwa kaɗan ta karya shi. Irin wannan a tambayi likita ko akwai maganin ƙarfafa ƙashi, don kada wani ya biyo baya.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idojin ƙungiya mu muke tsara su da bakinmu. A ganinmu, mace mai irin wannan karaya ta cancanci a ɗaga mata biyan bashi wata uku, don sau da yawa tsoron ranar zubi ne ke mai da ta bakin turmi. A ware kuɗin motar komawa tun ranar farko, kafin asusun ya tafi ga wata buƙata. Sakatariya ta rubuta ranar a littafi, ta ɗauki hoton takardun da waya, a kuma raba kwanakin ɗebo mata ruwa da daka tsakanin maƙwabtanta na ƙungiya.