Takardar CAC ba lasisin juya kuɗi ba ce

Da kaka ta yi, manoman Tsiga da sauran garuruwan Bakori suka sayar da masara da waken soya, sai masu “juya kuɗi” su ɓullo. Galibi ba baƙi ba ne. Ɗan gari ne, da waya a hannu: “Baba, ka zuba dubu ɗari, bayan wata guda ka kwashi dubu ɗari biyu.” In dattijo ya yi jim, sai a nuna masa hoton takarda mai tambarin gwamnati, a ce ai kamfanin yana da rajista.

Takardar nan yawanci ta CAC ce, hukumar rajistar kamfanoni. Kamar takardar haihuwa take: tana shaida an haifi kamfani, ba ta san halinsa ba. Izinin ba mutane shawara kan zuba jari, ko karɓar kuɗinsu a juya, yana hannun SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari. Bankuna kuma Babban Bankin Najeriya ke ba su lasisi.

A doka, ikon SEC ba ya da tababa, don Majalisar Tarayya ce ta ba ta shi. A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar zuba jari, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta kuma tanadi ɗauri har shekara 10 ga masu tsarin biyan tsofaffin masu zubi da kuɗin sababbi. A Afrilun wannan shekarar, CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar jama'a, kamar yadda makamancinsa MMM ya yi a Disamba 2016.

Inda nake ganin hukumar ta gaza shi ne nisa. Sunayen masu lasisi suna intanet, da Turanci, ofishinta na Arewa kuma yana Kano. Manomi ya san gidan uwar adashinsa, ya san wanda zai kai wa ƙara in ta ci amana. SEC kuwa ko sunanta bai taɓa ji a rediyo ba.

Shi lasisin ma ba alkawarin riba ba ne. Mai lasisi yana iya ba ka shawara ka yi asara. Abin da ke akwai shi ne ana duba littattafansa, ana iya ƙwace izininsa, kuma kana iya kai shi gaban kotun musamman ta harkokin zuba jari.