Tamale: Me ya kamata kwamfutar asibiti ta rubuta game da rayuwar majinyaci?

A Asibitin Koyarwa na Tamale, inda ake tura marasa lafiya daga sassan arewacin Ghana, kwamfuta ta karɓi aikin da fayil ɗin takarda ya daɗe yana yi. Majinyaci ya miƙa katinsa, a buɗe shafinsa, likita ya ga shekarunsa da sakamakon gwajin jini da magungunan da aka taɓa rubuta masa. Da wuya shafin ya nuna ko famfon gidansu na kawo ruwa, ko nawa ya kashe a mota kafin ya iso, ko da wane harshe yake fahimtar bayanin shan magani.

Ghana ta fara tattara alƙaluman lafiya ta intanet da manhajar DHIMS2 a 2012, amma wannan jimilla ce kawai: mutum nawa suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a gunduma cikin wata guda. Fayil na mutum ɗaya-ɗaya ya zo ne da tsarin LHIMS, wanda aka fara gwadawa a 2017. A 2025 tsarin ya tsaya a asibitoci da dama saboda taƙaddama tsakanin Ma'aikatar Lafiya da kamfanin da ya gina shi, aka koma biro da takarda, daga baya ma'aikatar ta sanar da sabon tsari mai suna GHIMS. Lokacin sauya manhaja shi ne lokacin da ake yanke shawarar tambayoyin da za a yi wa majinyaci, shi ya sa maganar ta shafi mazauna Zango.

Gurbin rubuta halin rayuwa ba sabo ba ne. Kundin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya ware lambobi daga Z55 zuwa Z65 don wannan. Z55 ta shafi ilimi da iya karatu, Z56 rashin aikin yi, Z58.6 ƙarancin ruwan sha, Z59.4 rashin isasshen abinci. Amma a ƙasashe da yawa likitoci ba su cika amfani da su ba, domin layi na da tsawo, kuma lambar cuta ita ce inshora ke biyan kuɗi a kanta.

A Tamale waɗannan lambobin na da ma'ana a zahiri. Birnin ya dogara ne da matatar ruwa ta Dalun, kuma unguwanni da yawa sun saba da bushewar famfo, musamman da rani. Yaron da aka kawo da gudawa sau uku cikin wata biyu, idan fayil ɗinsa ya nuna ruwan dam suke sha, nas ba za ta tsaya ga ba da ruwan gishiri da sukari kaɗai ba. Mai ciwon sukari da aka rubuta wa allurar insulin na buƙatar wurin ajiya mai sanyi da abinci a kan lokaci; idan sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidansu, allurar kanta na iya kayar da shi. Manomin da aka ce ya dawo a watan Yuli, tsakiyar damina ɗaya tilo ta arewa, ba taurin kai ne zai hana shi zuwa ba. Haka yarinyar da ke tafiya Kumasi ko Accra aikin dako, waɗanda ake kira kayayei (kalmar Hausa ta “kaya” ce a farkon sunan): idan an san za ta yi tafiya, sai a tsara mata awon ciki a inda za ta sauka.

Akwai kuma batun kuɗi. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da aka kafa a 2003, ta yafe kuɗin shiga ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da masu shekara 70 zuwa sama, da masu juna biyu, da waɗanda aka tabbatar matalauta ne, ciki har da masu karɓar tallafin LEAP. Wanda ya cancanta amma bai sani ba, a gaban ma'aikacin asibiti aka fi saurin gano shi, in dai an tambaya.

Sai dai tambaya tana da tarihi a Zango. A Tamale Dagomba ne 'yan ƙasa, Hausawa kuwa, waɗanda kakanninsu suka bi hanyar fataucin goro, ana kallonsu a matsayin baƙi ko da a nan aka haifi kakan kakansu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga ƙasar, dubban ɗaruruwa suka tafi, da yawansu daga zangogi. Har yau masu sunayen Hausa ko Fulani na kokawa kan ƙarin tambayoyin da ake yi musu wajen neman Ghana Card ko fasfo. Tun da an haɗa katin inshora da Ghana Card, tsohon da aka tambaya “ina ne garinku na asali?” a gaban kwamfuta yana da dalilin yin shiru, ko ya faɗi abin da yake ganin zai fisshe shi.

A Ostireliya ana tambayar kowane majinyaci ko shi ɗan asalin Aborijin ne, domin amsar tana buɗe masa ƙofar ƙarin kulawa da aka tanada. A Tamale babu wani tanadi na asibiti da rubuta “Bahaushe” zai jawo wa mutum, sai dai fargaba. Gurbin da zai amfane shi shi ne na harshe: Dagbanci yake ji, ko Hausa, ko Fulatanci, ko Turanci, kuma yana karanta boko ko ajami. Wannan ne ke nuna ko za a nemo tafinta, maimakon a sa ɗan ƙaramin jika ya fassara wa kakarsa ciwon da ita kanta take jin nauyin ambata.

Dokar kare bayanai ta Ghana, Act 843 ta 2012, ta sa ƙabila da addini da lafiya cikin bayanai na musamman da ba a sarrafa su sai bisa sharuɗɗa. Ta kuma ba mutum damar ganin abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara kuskure. Gyaran na da muhimmanci, domin hali na sauyawa: wanda aka rubuta masa “ba shi da aiki” bara, bana yana iya samun rumfa a kasuwar Aboabo.

Saura wurin da ake yin tambayar. A tagar karɓar kati, inda maƙwabci ke tsaye a baya yana ji, magidanci ba zai ce babu hatsi a gidansa ba; “alhamdulillahi” zai ce, a rubuta lafiya lau. Ma'aikatan CHPS, masu bi gida-gida a unguwanni da ƙauyuka, su ne ke ganin randa da rumbu da idonsu, amma abin da suka rubuta a rajistarsu ba kasafai yake kaiwa ga shafin da likitan babban asibiti ke buɗewa ba.