Bambar ƙarfe ko ta alminiyam: Wacce ta dace da motar da ke bin hanyoyin Dole Kaina?

Duk direban da ke jigila tsakanin Kamba da Dole Kaina, ko mai bin hanyoyin Lolo da Illo da Tsamiya a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ya san gaban mota ne ke fara karɓar abin da hanya ta tanada: rami, kututture, bakin kwalbatin da ruwa ya zaizaye, ko saniyar da ta ɓalle daga garke da almuru.

Dole Kaina na bakin Kogin Neja ne a Ƙaramar Hukumar Dandi, a yankin da iyakokin Najeriya da Nijar da Benin suka haɗu. Shinkafa da kifi da albasa da dabbobi na fita daga ƙauyukan fadama zuwa kasuwanni, kuma da yawa daga hanyoyin da ake fito da su na ƙasa ne: yashi da rani, taɓo da damina.

Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da sauran a-kori-kura kan cire bambar da mota ta zo da ita, wadda galibi roba ce da siririn ƙarfe a bayanta, su ɗaura mai ƙarfi. Abin da ake karewa shi ne lagireto da fitilu. Idan lagireto ya fashe a daji, ruwa ya tsiyaye, tafiya ta ƙare a nan, ko da kuwa kifi ne a bayan motar ko mara lafiya.

Tambayar da ke gaban mai saye ita ce: ta ƙarfe ko ta alminiyam?

Nauyi

Babban abin da ake yabon alminiyam da shi shi ne rashin nauyi. Idan aka ɗauki gunduwa biyu masu girma ɗaya, nauyin ta alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ta ƙarfe.

Sai dai taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka dole maƙeri ya ƙara masa kauri. Farantin ƙarfe mai faɗi da tsawon mita ɗaya, mai kaurin milimita 3, yana da nauyin kilo 23 da rabi. Na alminiyam mai kaurin milimita 6, wato ninki biyu, kilo 16 ne da ɗan ɗori. A taƙaice, sauƙin da ake samu a aikace yakan tsaya ne tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Cikakkiyar bambar ƙarfe mai ƙahoni kan haura nauyin buhun shinkafa mai kilo 50, kuma tana rataye ne a can gaban tayoyin gaba, inda nauyi ya fi wahalar da sifirin da shokazoba da boris. Gaban mota ya sunkuya, sitiyari ya yi nauyi, tazarar da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita ta ƙaru. A cikin yashi ko taɓon fadama kuwa, gaba mai nauyi shi ke fara nutsewa.

Kayan da aka ƙayyade wa Hilux kusan tan ɗaya ne, har da direba da fasinja. Duk kilon da bamba ta ci, daga wannan lissafi ya fita. Haka kuma tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ko ɗan ƙarin shan man da nauyi ke jawowa ya zama abin da direba ke ji a aljihunsa.

Wa zai gyara ta?

A nan ne ƙarfe ya yi wa alminiyam fintinkau, musamman a garin da ke nesa da manyan birane.

Bambar ƙarfe idan ta bugi abu lanƙwashewa take yi. A gasa ta da wuta, a daka da guduma, a bi tsagar da walda. Kusan duk garin da ke da kasuwa akwai mai walda da janaretansa, kuma aikin da yake yi wa ƙofa da amalanke da garma shi zai yi wa bambar.

Alminiyam ba ya yarda da haka. Yana narkewa a zafin maki 660 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da rabin abin da ƙarfe ke buƙata, kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai wuta kamar yadda ƙarfe ke yi. Sai dai kawai a ga ya zube. Sannan akwai wata siririyar fata da ke rufe shi da zarar ya sha iska, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura maki 2,000. Saboda haka waldarsa mai inganci na buƙatar inji na musamman da tukunyar iskar agon da gwanin da ya koyi aikin, kuma akasari a birane irin su Sakkwato da Kano da Kaduna ake samun su.

Ko an samu gwanin, akwai sauran magana. Nau'in alminiyam da ake kira 6061, wanda ake yawan amfani da shi a irin wannan aiki, yana rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinsa a gefen inda aka yi walda. Idan kuma aka nemi miƙe shi bayan ya lanƙwashe, sau da yawa tsagewa yake yi.

Jijjigar hanya ma ta fi cin sa. Hanya mai gargada kan girgiza mota dubban sau a tafiya ɗaya, kuma sannu a hankali tsaga kan fito a kusa da inda aka ɗaure bambar da jikin mota.

Kada kuma a rikita wannan da alminiyam ɗin da masu zubin tukwane ke narkarwa daga tsofaffin gwangwanaye da fistin. Wannan ya dace da tukunya, amma yana da gautsi, duka ɗaya ke fasa shi.

Ruwa da tsatsa

Mazauna bakin kogi sun san abin da laima ke yi wa ƙarfe. A wannan yanki Kogin Neja kan cika da damina, ya sake kawo ruwa cikin sanyi daga can sama, kuma har yanzu manoman Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa ba. Motar da ke ratsa ruwa da taɓo kullum, bambar ƙarfenta za ta yi tsatsa duk inda fenti ya kankare, musamman ta ciki inda laka ke maƙalewa.

Alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Amma yana da tasa cutar: duk inda ya haɗu da ƙarfe kuma akwai danshi, shi ne ke ruɓewa, ya zama farin gari. Masu tsofaffin Land Rover sun san wannan. Tun 1948 kamfanin ya fara yin jikin motar da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma shasi na ƙarfe ne, kuma a mahaɗar su biyun ne ake ganin ci. Maganin shi ne a sa roba ko fenti tsakaninsu, a kuma riƙa duba notuna.

Abin lura, ko kamfanin Ford da ya mayar da jikin a-kori-kurarsa F-150 na alminiyam a 2015, har motar ta rage kimanin kilo 300, ya bar shasinta na ƙarfe.

Wanda ke gaban motar

Irin wannan bamba ta yi suna ne a Ostireliya, inda motoci ke yawan karo da dabbar kangaru a dazuka, kuma a can ne aka kafa kamfanin ARB mai ƙera ta a 1975. Sai dai hanyar Dole Kaina ba daji kaɗai take ratsawa ba. Tana bi ta tsakiyar ƙauyuka da kasuwanni, inda ake da 'yan acaɓa da masu jakuna da yara masu talla.

An ƙera gaban motar zamani ne domin ya lotse ya shanye wani ɓangare na duka. Idan aka ɗaura masa ƙarfen da ba ya lotsewa, dukan ya koma kan wanda aka buge, ko ya wuce ta shasi zuwa jikin mutanen da ke ciki. Tana kuma iya rikita na'urar da ke buɗe jakar iska ta kariya, ta buɗe a makare ko a lokacin da bai dace ba.

Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 kan irin bambar da za a iya sayarwa, Indiya kuma ta umarci jihohinta su hana ta a watan Disamban 2017. A wannan fanni, bamba mara nauyi, mai zagayayyun gefuna, ta fi sauƙin illa a kan dogon bututu mai kauri da aka yanko daga tsohon ƙarfe.

To wacce za a zaɓa?

Ga motar da ke kwana a yankin, take aikin gona ko jigila, kuma gyaranta a hannun masu waldar Kamba ko Bagudo yake, ƙarfe ya fi dacewa. Ya fi araha, ana samun farantinsa da bututunsa a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma ɓarnarsa ba ta hana komawa aiki washegari. Haka ma mai son ɗaura injin jan mota daga taɓo, domin ko bambar alminiyam ɗin kanta yawanci a kan gindin ƙarfe ake zaunar da wannan inji.

Alminiyam ya fi dacewa da motar da ke zuwa ta koma birni, kamar ta hukuma ko ta ƙungiyoyin agaji, ko wadda kaya suka riga suka yi mata yawa, da sharaɗin ta kamfani ce da aka ƙera domin wannan samfurin mota.

Ko wacce aka ɗauka, akwai abubuwan da bai kamata a yi sakaci da su ba. A ɗaure ta da notuna masu ƙarfi a ramukan da kamfani ya tanada, kada a yi mata walda da shasi. A bar wa lagireto hanyar shan iska, domin zafin Maris da Afrilu a Kebbi kan haura maki 40. Kada ta tare fitilu ko lambar mota. Kada a ɗaura igiyar ja a ƙahoninta, a nemi ƙugiyar da ke jikin shasi. Idan nauyinta ya sunkuyar da gaba, a canza sifirin. Sannan duk lokacin da za a yi walda a jikin mota, a fara cire kan batir saboda na'urorin lantarki.

Wanda kuwa kuɗinsa ba su kai na bamba mai kyau ba, Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya bar ta kamfani a inda take, ya sa kuɗin a birki da fitila da tayoyi, ya kuma rage gudu idan rana ta faɗi, lokacin da garkuna ke komawa gida.