Sandunan Ƙwallon Lambu: Abin Da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Kwance Lalitarsa

Idan ana zancen wasan manya a garin Keffi, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne ƙwallon dawaki, saboda filin da Sanata Ahmed Aliyu Wadada ya kafa a garin, inda mahaya kan taru daga wurare dabam-dabam su fafata. Amma akwai wani wasan kuma da ke jan hankalin ma'aikata da 'yan kasuwa sannu a hankali, watau ƙwallon lambu, wanda Turawa ke kira golf. Dalili kuwa a fili yake. Tsakanin Keffi da Abuja tafiyar kamar kilomita 50 ce, ga filin IBB da aka buɗe a 1991 mai ramuka 18. Wanda ya bi ta Akwanga kuma ya hau tudun Jos zai tarar da filin Rayfield, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1913, zamanin Turawan haƙar kuza.

To, shiga wannan wasa ba ta da wuya kamar sayen kayansa. Sandunan nan daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala ake yi musu kuɗi, tun kuwa da darajar naira ta faɗi a shekarar 2023, jaka guda ta sanduna ta zama abin da magidanci zai yi shawara da aljihunsa kafin ya taya. Abin takaici shi ne da yawa daga masu sayen sukan zuba kuɗin a inda bai kamata ba.

Dokar wasan ta ce kada ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa. Amurka ce ta fara zartar da ita a 1938, hukumar da ke St Andrews ta ƙasar Sikotilan ta bi sahu a 1939, bayan an ga wasu gwanaye suna labta wa yaransu sanduna har kusan talatin. Dokar ba ta san babba ba. A gasar British Open ta 2001, Ian Woosnam yana cikin na gaba a ranar ƙarshe aka gano sanda 15 a jakarsa, nan take aka ci shi tarar bugu biyu, kofin kuwa David Duval ne ya tafi da shi.

A cikin 14 ɗin nan akwai doguwar sanda mai ƙaton kai da ake buɗe wasa da ita, wadda ake kira direba, akwai sandunan ƙarfe masu lamba, akwai ta gangara ƙwallo zuwa rami. Sabon shiga direba yake so, don ita ce mai ƙara da nisa, ita ce kuma abokai za su gani su yaba. Alhali a zagaye ɗaya na ramuka 18 da ƙyar za a ɗaga ta fiye da sau 14. Mafi yawan bugun da mutum zai yi yana faruwa ne a cikin yadi ɗari na kusa da rami, nan ne kuwa fagen gajerun sandunan da ake kira weji.

Weji sanda ce mai kwantacciyar fuska, aikinta ta ɗaga ƙwallo sama ta sauke shi ya tsaya kusa da inda ya faɗi. Da digiri ake auna kwanciyar fuskar. Ta farko tana tsakanin digiri 44 da 48, mai bi mata 50 zuwa 52, ta ramin yashi 54 zuwa 56, sa'an nan mai cillawa sama sosai 58 zuwa 60. Masu koyar da wasan sukan ba da shawarar a bar tazarar digiri 4 zuwa 6 tsakanin kowace da 'yar'uwarta, domin kada a sami wani nisa da babu sandar da ta dace da shi. A nan akwai wani tarko. A da, weji ta farko da ke zuwa tare da sandunan ƙarfe takan kai digiri 48 ko fiye, amma kamfanoni sun yi ta miƙar da fuskarta don mai saye ya ga ƙwallonsa na tafiya da nisa, har yau ana samun mai 43 ko 44. Wanda ya sayi irin wannan, ya haɗa ta da mai 56, ya bar giɓin digiri 12 ko 13 a jakarsa bai sani ba. Saboda haka kafin a sayi sabuwar weji, sai a fara binciken digirin wadda ake da ita.

Abin da ya fi wannan muhimmanci ga ɗan wasan Arewa yana ƙarƙashin kan sandar ne. Idan ka juya weji za ka ga gindinta yana da ɗan tudu wanda ya fi bakinta saukowa ƙasa. Gene Sarazen, Ba'amurke, shi ake danganta wa yaɗuwar wannan dabara. Ya narka darma ya liƙa a gindin sandarsa domin ta riƙa zamewa a cikin yashi maimakon ta nutse, ya kuma ci British Open da ita a 1932. Shi ma tudun da digiri ake auna shi: 4 zuwa 6 ƙarami ne, 7 zuwa 10 matsakaici, abin da ya haura haka babba ne.

Manomi ya fi kowa fahimtar wannan magana, don ya san fartanyar da ke aiki a jigawa ba lalle ta yi a fako ba. Tudu babba na ƙasa mai laushi ne da yashi mai zurfi, irin filayen da ruwa ba ya yanke musu. Ƙasarmu kuwa fuska biyu gare ta. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba damina ta jiƙa ta, ciyawa ta yi kauri, sanda mai babban tudu ta yi daidai. Da hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, jar ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓe, sai wannan tudun ya zama abokin gaba: gindin sanda ya daki ƙasa ya yi tsalle, bakinta ya sari ƙwallo a ciki, ƙwallo ya tafi a guje ya wuce rami ya faɗa wancan gefe. Mai sanda ya tsaya yana zargin hannunsa, alhali ƙirar sandar ce ba ta dace da filin ba. A ganina, wanda kuɗinsa bai wuce na weji biyu ba, gara ya ɗauki mai digiri 56 da tudu matsakaici don yashi da damina, da kuma mai 50 ko 52 da ƙaramin tudu don rani. Mai digiri 60 kuwa, wadda Tom Kite ya fito da martabarta a farkon shekarun 1980, a bar wa wanda hannunsa ya faɗa, domin a kan busasshiyar ƙasa kuskuren ɗan yatsa ɗaya ya isa ya ɓata bugun.

Akwai kuma wani abu da littattafan kamfanonin ba su damu da shi ba. Shekara da shekaru filaye da yawa a ƙasar nan ba su da koriyar ciyawa a kewayen rami, yashi ne ake cuɗawa da mai a baje, a share da matsefi bayan kowane bugu. A kan irin wannan dandali ne Peter Tupling ya gama gasar Nigerian Open ta 1981 a Ikoyi da bugu 255, adadin da ya zama abin tarihi a duniya a lokacin. A inda ake da irin wannan dandali har yanzu, ƙwallo ba ya tsalle ko ja da baya kamar yadda ake gani a talabijin, yashin kan riƙe shi. Kuɗin da aka kashe don neman sandar da ke sa ƙwallo juyawa da ƙarfi, a nan kusan asara ne.

Sai batun kayan gwanaye, waɗanda ake gani a hannun masu cin abinci da wasan. Irin biyu ne kawunan sandunan ƙarfe. Akwai na ƙira, sirara masu ƙaramin kai, waɗanda nauyinsu ke tattare a bayan tsakiyar fuska. Akwai kuma masu kwarmi a baya, galibi na zubi, waɗanda aka rarraba nauyinsu zuwa gefe-gefe, dabarar da Karsten Solheim na kamfanin Ping ya yaɗa. Na farkon suna biyayya ga gwani, amma ba sa yafe kuskure. Na biyun ko an kauce wa tsakiya kaɗan, ƙwallo zai tafi. Haka ƙotar sanda: mai tauri ta mai saurin hannu ce, dattijo ko sabon shiga da ya riƙe ta zai ga ƙwallonsa na tafiya ƙasa-ƙasa yana karkata. Mutumin da ke zuwa fili sau biyu a wata, ya sayi sandunan da aka ƙera don mai buga ƙwallo ɗaruruwa kowace safiya, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Su kansu gwanayen a kan weji suka fi tsanantawa. Sunayen maƙera irin su Bob Vokey na Titleist da Roger Cleveland sanannu ne a wurinsu, sukan kuma sa a goge musu gindin sanda daidai da filin da za su buga. Tsagogin da ke fuskar weji su ne ke kama ƙwallo su sa shi juyawa, su kore ruwa da ciyawa daga tsakani, har ta kai hukumomin wasan suka taƙaita girmansu da kaifin bakinsu daga 2010. Tsagogin nan suna cinyewa. Kamfanin Titleist kan ce a duba su bayan zagaye kamar 75, a ƙasa mai tsakuwa da ƙura irin tamu kuwa sai a yi tsammanin abin zai zo da wuri.

Wannan ya kawo mu ga 'yan gwanjo, inda mafi yawan 'yan wasanmu ke samun kayansu, musamman samarin da suka fara da ɗaukar jaka suna koyo da sandar da maigida ya yar. Direba ko sandar ƙarfe ta gwanjo ba laifi, takan yi shekaru tana aiki. Weji kam sai an sa ido. A sa farce a bi tsagogin na ƙasa, in farcen ya zame bai maƙale ba, ko aka ga tsakiyar fuskar ta yi sulɓi tana ƙyalli, sandar ta gama aikinta komai kyan sunan da ke jikinta. A duba mahaɗar kai da ƙota ko tana motsi, a duba tsatsa a jikin ƙotar. Mariƙin roba da zafin rana ya ƙone ana iya sake shi da kuɗi kaɗan, kada wannan ya hana ciniki. Jabu ma suna nan, akan gane su ta rubutu mara tsabta da nauyin da bai daidaita ba, da kuma farashin da ya yi sauƙi fiye da kima. Araha dai ba ta ado.

Manyan filaye irin na Abuja da Kaduna da Jos suna da ƙwararrun masu koyarwa, mafi yawansu kuwa sun san halin ƙasar filinsu rani da damina. Mai niyyar saye daga Keffi zai yi wa kansa gata in ya je da sandunan da yake da su, ya buga ƙwallo goma da kowace a gaban irin wannan malami, a auna nisan kowace a rubuta, sa'an nan ya ari weji biyu ko uku masu tudu dabam-dabam ya gwada su a cikin yashi da kuma kan fako, kafin ya tambayi kuɗin ko ɗaya.